Selman Waksman: Maganin Tarin Fuka Da Aka Haƙo Daga Ƙasa, Da Kunnuwan Da Ya Cinye

A ranar 10 ga Disamban 1952, a birnin Stockholm na ƙasar Suwidin, wani dattijo mai shekara 64 ya karɓi kyautar Nobel ta fannin likitanci daga hannun sarkin ƙasar. Sunansa Selman Abraham Waksman. Ba likita ba ne, kuma bai taɓa duba majinyaci ba. Malami ne a tsangayar aikin gona, wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana haƙa rami yana ɗibar ƙasa. An karrama shi ne saboda sitireftomaisin, magani na farko da ya karya lagon tarin fuka, cutar da muka fi sani a yau da tibi, wadda kafin lokacin babu maganin da ke warkar da ita, galibi sai dai likita ya kwantar da mai ita, ya ba shi abinci mai gina jiki da iska mai kyau, sannan a jira hukuncin Allah.

Shi kaɗai aka kira a kan wannan magani. Ɗalibin da ya tsamo shi da hannunsa yana can Amurka, yana koyarwa a wata ƙaramar kwalejin noma. A gidajen jinyar tarin fuka na Turai da Amurka kuwa, akwai mutane da yawa da allurar ta tayar daga gadon mutuwa, amma suka miƙe suka tarar ƙasa na juyawa da su, wasu kuma duniya ta yi musu tsit har abada.

Ɗan Fradia

An haifi Waksman ranar 22 ga Yulin 1888 a Nova Pryluka, wani ƙaramin gari da ke ƙasar Yukren ta yau, a lokacin tana ƙarƙashin daular Rasha. Iyayensa Yahudawa ne, a zamanin da hukuma ta killace Yahudawa a wasu yankuna, ta kuma ƙayyade yawan 'ya'yansu da za su shiga manyan makarantu. Mahaifiyarsa, Fradia, 'yar kasuwa ce, kuma ita ce ginshiƙin gidan da na karatunsa. Yana yaro ƙanwarsa Miriam ta mutu da ciwon mashaƙo. A 1910 ya ci jarrabawar kammala sakandare a birnin Odesa a matsayin ɗalibi mai zaman kansa. Mahaifiyar ta mutu, ƙofar jami'a kuma ba ta da alamar buɗuwa ga irinsa, don haka a wannan shekarar ya shiga jirgin ruwa sai Amurka.

Ya sauka wajen 'yan'uwansa a wata gona da ke jihar New Jersey, kusa da Kwalejin Rutgers. A can ya haɗu da Jacob Lipman, masanin ƙasar noma wanda shi ma daga daular Rasha ya yi hijira, shi ne kuma ya karkato da hankalinsa daga likitanci zuwa ilimin aikin gona. Ya sami digirin farko a 1915, na biyu a 1916. A wannan shekarar ya zama ɗan ƙasar Amurka, ya kuma auri Deborah Mitnik, 'yar garinsu. Digirin digirgir ya yi shi a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, ya gama a 1918, ya dawo Rutgers, inda ya zauna har ƙarshen aikinsa.

Abin da ya ɗauki hankalinsa tun yana ɗalibi wasu ƙananan halittu ne da ido ba ya gani, masu rayuwa cikin ƙasa, waɗanda bakteriya ne amma suna yin zare-zare kamar funfuna. Masana na kiran su aktinomaisit. Duk wanda ya taɓa shaƙar ƙamshin da busasshiyar ƙasa ke yi idan ruwan farko ya sauka ya san su, domin daga gare su ƙamshin yake fitowa. A wancan lokaci ba wanda ya damu da su. Waksman ya yi ta tsamo su yana raɗa musu suna. Ɗaya daga cikin waɗanda ya bayyana a 1916 ya sa mata sunan mahaifiyarsa, kuma har gobe a littattafan kimiyya ana kiran ta Streptomyces fradiae. Za mu sake haɗuwa da ita a gaba.

Shekara ashirin da suka biyo baya na aikin haƙuri ne: taki, ruɓaɓɓen ganye, yadda ƙasa ke narkar da abin da ya mutu a cikinta. Ya wallafa ƙaton littafi kan ƙananan halittun ƙasa a 1927, ya zama farfesa a 1930. Akwai wata dama da ta wuce shi a tsakiyar wannan zamani. A farkon shekarun 1930 an ba ɗakin gwaje-gwajensa aikin binciken abin da ke faruwa da ƙwayar tarin fuka idan ta faɗa cikin ƙasa. An ga cewa ba ta daɗewa, wasu halittun na hallaka ta. Bai bi sawun al'amarin ba. Sai a 1939, da tsohon ɗalibinsa René Dubos ya fitar da wani sinadari mai kashe ƙwayoyin cuta daga bakteriyar ƙasa, ga kuma yaƙin duniya ya kunno kai, ga labarin fenisilin na tasowa daga Ingila, sannan Waksman ya juya akalar ɗakinsa gaba ɗaya zuwa farautar magani. Ya ƙulla yarjejeniya da kamfanin magunguna na Merck: kamfanin ya ba da kuɗi da masana sinadarai, shi kuma ya mallaki abin da aka gano.

A nan ya kamata a ba shi haƙƙinsa. Fenisilin da sa'a aka dace da shi. Waksman kuwa tsari ya kafa: a ɗebo ƙasa daga wurare daban-daban, a raini halittun cikinta a faranti, a jera su kusa da ƙwayoyin cuta, a duba wadda ta hana maƙwabciyarta girma. Shi ne kuma ya yayata kalmar antibayotik da ma'anar da duniya ke amfani da ita yanzu. Sai dai biyun farko da tsarin ya haifar, aktinomaisin a 1940 da sitireftotirisin a 1942, duka sun yi wa dabbobin gwaji guba. Na biyun ƙoda yake lalatawa, kuma sai bayan kwanaki illar ke bayyana. Tun daga nan an ga alamar cewa abin da ƙasa ke bayarwa yana da kaifi biyu.

Ɗakin ƙarƙashin ƙasa

A tsakiyar 1943 wani saurayi mai suna Albert Schatz ya dawo Rutgers bayan an sallame shi daga soja saboda ciwon baya. Shekararsa 23, alawus ɗinsa dala 40 a wata. A asibitin soja ya ga mutane na mutuwa da cututtukan da fenisilin ba ya taɓawa, don haka ya nemi a bar shi ya nemo maganin da zai kama irin waɗannan ƙwayoyi, har da ta tarin fuka. Aiki da ƙwayar tarin fuka mai ƙarfi kasada ce a ginin da ba a tanadar masa kariya ba, sai aka tura shi ɗakin da ke ƙarƙashin ginin. Ofishin farfesa yana hawa na uku. Schatz ya yi ta faɗa har ƙarshen rayuwarsa cewa malamin nasa bai taɓa saukowa wannan ɗaki ba a watannin da aikin ke gudana.

Cikin 'yan watanni ya tsamo iri biyu na wata halitta mai suna Streptomyces griseus, ɗaya daga ƙasar gona da ta sha taki, ɗaya kuma daga farantin da wata abokiyar karatunsa, Doris Jones, ta shafa abin da ta ɗebo a maƙogwaron kaza. A ranar 19 ga Oktoban 1943 ya tabbatar cewa sabon magani ne a hannunsa. Takardar farko ta fito a Janairun 1944 da sunaye uku: Schatz a gaba, sai Elizabeth Bugie, wata ɗaliba da ta yi gwaje-gwajen ƙarfin maganin, sai Waksman a ƙarshe.

Rutgers ba ta da asibiti. Gwajin ya koma hannun mutum biyu a Asibitin Mayo da ke jihar Minnesota: William Feldman, likitan dabbobi, da Corwin Hinshaw, likitan ƙirji. Da gram 10 kacal suka fara, a kan ɓerayen Masar da aka sa wa cutar. Waɗanda suka sami maganin suka rayu. A Nuwamban 1944 aka fara yi wa wata budurwa mai shekara 21 allurar, wadda tarin ya ci huhunta har an fid da rai. Ta warke, ta yi aure, ta haihu.

A rahoton da Hinshaw da Feldman suka fitar a 1945 kan majinyata 34 na farko, sun rubuta nasarar, sun kuma rubuta wani abu dabam: wasu majinyatan sun kamu da jiri mai tsanani da matsalar ji. Wato illar ba ɓoyayyiya ba ce da aka gano bayan shekaru. Tare da albishir ɗin ta zo, a takarda guda.

Birtaniya, wadda yaƙi ya talauta, ba ta iya sayen maganin da yawa ba, sai ta mayar da ƙarancin ya zama dabara. Hukumar binciken lafiya ta ƙasar, da shawarar masanin ƙididdiga Austin Bradford Hill, ta raba majinyata 107 gida biyu ta hanyar ƙuri'a: 55 suka sami allura da hutu, 52 hutu kawai. Sakamakon da aka wallafa a 1948 ya nuna cewa cikin wata shida mutum 4 suka mutu a rukunin allura, 14 a ɗaya rukunin. Wannan gwaji shi ake ɗauka a matsayin mafarin yadda ake tantance magani a yau. A cikinsa kuma, fiye da rabin waɗanda aka yi wa allurar, gram 2 kowace rana, sun yi fama da jiri, kuma a jikin mafi yawansu ƙwayar cutar ta koyi bijire wa maganin cikin 'yan watanni. Marubucin nan George Orwell, wanda masu karatun Hausa suka sani ta fassarar littafinsa Gandun Dabbobi, an samo masa maganin daga Amurka a 1948, amma jikinsa ya ƙi shi, gashi da farce suka riƙa zubewa, aka dakatar. Tarin ya kashe shi a Janairun 1950.

Abin da allurar ke yi a cikin kunne

Can bayan fatar dodon kunne, a cikin ƙashin kai, akwai wani ɗan bututu naɗaɗɗe kamar katantanwa, cike da ruwa. A cikinsa akwai ƙwayoyin halitta kimanin 15,000 masu 'yan tsinkaye a ka kamar gashi. Idan sauti ya kaɗa ruwan, tsinkayen na lanƙwasawa, wasu ƙananan ƙofofi su buɗe, motsin ya koma saƙon lantarki. Daga nan ƙwayoyin jijiya da ke manne da su su ɗauki saƙon zuwa ƙwaƙwalwa. A gefen katantanwar akwai wani sashe mai irin waɗannan ƙwayoyi, wanda aikinsa riƙe daidaiton jiki ne, shi ke sanar da mutum ko a tsaye yake ko ya karkata.

Da waɗannan ƙwayoyi aka haife mu, kuma da su za mu mutu. Fata na sakewa, hanta na farfaɗowa, amma ƙwayar ji idan ta mutu a kunnen ɗan'adam ba ta da magaji. Kaza ma ta fi mu a nan: a ƙarshen shekarun 1980 masu bincike suka gano cewa tsuntsaye na sake tsirar da nasu.

Da fari likitoci sun zaci maganin jijiyar ji ko ƙwaƙwalwa yake kama kai tsaye. Gwaje-gwaje a kan dabbobi, ciki har da na Joseph Hawkins a cibiyar bincike ta kamfanin Merck ɗin kansa, su suka taimaka aka gane cewa ɓarnar daga masu tsinkayen nan take farawa. Abin da aka fahimta daga baya shi ne maganin na bi ta jini ya shiga ruwan katantanwar, ya kutsa ta ainihin ƙofofin da sauti ke buɗewa. Idan ya shiga ba ya saurin fita, yana iya yin watanni. A ciki yana haddasa wasu sinadarai masu ƙuna, yana kuma damun mitokondiriya, wato injinan da ke samar wa ƙwayar ƙarfi. Dalilin wannan na ƙarshe yana da ban mamaki: maganin na kashe bakteriya ne ta hanyar toshe masana'antarta ta haɗa furotin, ita kuwa masana'antar da ke cikin mitokondiriyarmu tana kama da ta bakteriya ƙwarai. Idan masu tsinkayen suka mutu, ƙwayoyin jijiyar da ke bayansu sukan rasa abin da ke raya su, su ma su riƙa shanyewa a hankali.

Ɓarnar na farawa ne daga gindin katantanwar, inda ake jin siririn sauti. Mutum na ci gaba da jin hira, bai san yana asara ba, ƙila dai kunnensa na ƙara. Kafin ya ce bai ji abin da aka faɗa ba, an yi nisa. Shi sitireftomaisin ya fi cin sashen daidaito: mai shi kan ga duniya na rawa idan yana tafiya, kuma da dare ya yi, inda ido ba zai taimaka ba, sai tafiyar ta gagara. Mafi tausayi su ne yara masu tarin fuka na ƙwaƙwalwa. Kafin maganin kusan babu mai tsira. Bayan zuwansa da yawa sun rayu, wasunsu kurame, tsakanin ɓarnar cutar da ta allurar. Yaron da ya kurumce kafin ya iya magana kuwa, bakinsa ma ya tafi.

Gaba kura, baya sayaki. Babu mai hankalin da zai ce da an bar su sun mutu. Abin tambaya shi ne me aka yi bayan an sani. An rage yawan allurar zuwa gram 1, aka haɗa ta da wasu magunguna, musamman bayan zuwan isoniyazid a 1952, kuma hakan ya rage illar. An kuma yi wani gyara da ya zama ɓarna. A 1946 masana sinadarai suka ɗan sauya ƙirar maganin suka fitar da dihaidirositireftomaisin, aka tallata shi a matsayin wanda ba ya sa jiri. Gaskiya ne, jirin ya ragu. Amma shi katantanwar yake ci, kuma sau da yawa kurumtar sai bayan makonni ko watanni da gama allura take bayyana. An shafe shekaru ana amfani da shi kafin a janye shi daga jikin mutane.

Kuɗi da suna

Yayin da wannan ke faruwa a gadajen asibiti, a Rutgers wata rigima ce ke dahuwa. Waksman ya lallashi Merck ya saki haƙƙin mallakar da yarjejeniyarsu ta ba shi, domin kamfanoni da yawa su iya yin maganin, farashi ya sauka. Wannan aikin alheri ne, kuma ya ceci rayuka. A 1946 shi da Schatz suka sa hannu suka miƙa haƙƙin ga wata gidauniya ta jami'ar a kan dala ɗaya. Takardar mallakar da hukumar Amurka ta bayar a Satumban 1948 na ɗauke da sunayensu su biyu. Na Elizabeth Bugie babu.

Abin da Schatz bai sani ba shi ne malaminsa na da wata yarjejeniya ta daban da gidauniyar, wadda ke ba shi kimanin kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin da ke shigowa. Kafin 1950 abin da ya shiga aljihunsa ya kai wajen dala 350,000. A lokaci guda labarin da jaridu ke bugawa ya riƙa sauya kama, sunan ɗalibin na dusashewa, har mujallar Time ta sa hoton Waksman a bangonta a Nuwamban 1949. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

A Maris na 1950 Schatz ya maka malaminsa da gidauniyar a kotu. A wajen ba da bahasi ne maganar kuɗin ta fito fili. A Disamba aka sasanta kafin a kai ga yanke hukunci: aka amince a rubuce cewa Schatz abokin tarayya ne wajen gano maganin, aka ba shi sama da dala 100,000 da kashi 3 cikin ɗari na kuɗin da za su shigo. Kason Waksman ya koma kashi 10, aka raba kashi 7 ga sauran ma'aikata da ɗaliban ɗakin.

Hujjar Waksman ba ta banza ba ce. Shi ya gina tsarin, shi ya san halittun shekara talatin, shi ya samo kuɗi da kamfani da likitocin gwaji, kuma irin wannan halitta ya taɓa tsamo ta tun yana ɗalibi, ko da yake wancan irin nasa ba ya fitar da maganin. Da ya tsaya a nan da ba wanda zai yi masa gardama. Amma wanda ya gina tsari ba ya buƙatar ɓoye wa yaronsa takardar kuɗi. Manyan malaman Amurka kuwa bayan farfesa suka bi, domin a idonsu laifin ɗalibin da ya kai malaminsa ƙara ya fi na malamin da ya danne haƙƙi. Schatz ya ci shari'a ya rasa makoma. Manyan cibiyoyin bincike suka rufe masa ƙofa, har ya tafi ƙasar Chile koyarwa a farkon shekarun 1960. Da aka sanar da Nobel a 1952, kwalejin da yake aiki ta rubuta wa kwamitin ƙorafi, bai sauya komai ba. Sai a 1994, shekara hamsin bayan aikin, Rutgers ta ba shi lambar yabonta mafi girma. Ya mutu a 2005. Wani ɗan jarida, Peter Pringle, shi ya bi diddigin littattafan gwajin Schatz har aka gano su cikin kwalayen takardun Waksman a ma'ajiyar jami'ar, ya wallafa littafi a kai a 2012.

Shi kuwa Waksman da kuɗin maganin aka gina Cibiyar Nazarin Ƙananan Halittu a Rutgers, wadda aka buɗe a 1954, ya shugabance ta har ya yi ritaya a 1958, kuma yau sunansa take ɗauke da shi. Ya ware wani ɓangare na kasonsa ya kafa gidauniyar tallafa wa bincike. Ya yi ta rubuce-rubuce, ciki har da tarihin rayuwarsa, ana ta karrama shi daga ƙasa zuwa ƙasa. Ya mutu ranar 16 ga Agustan 1973 a jihar Massachusetts, aka binne shi a Woods Hole, garin bakin teku inda ya taɓa nazarin bakteriyar ruwa.

Zuriyar da ya bari

Sitireftomaisin ya zama kakan wani babban gida. Kanamaisin ya fito daga Jafan a 1957 ta hannun Hamao Umezawa, jantamaisin a 1963, amikasin a farkon shekarun 1970. Duk suna da araha, duk suna da ƙarfi, kuma duk sun gaji halin kakansu game da kunne da ƙoda. Saboda arahar, ƙasashe matalauta ne suka fi sha. Najeriya, wadda ta fi kowace ƙasa a Afirka yawan masu tarin fuka, ta daɗe tana yi wa waɗanda cutar ta dawo musu allurar sitireftomaisin, masu nau'in da ke bijire wa magani kuma watanni suke yi ana soka musu kanamaisin, bisa tsarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shimfiɗa a lokacin. Ƙa'ida ita ce a riƙa auna jin majinyaci kafin a fara da kuma lokacin da ake yi, amma na'urar da mai sarrafa ta ba kowane asibiti ke da su ba.

Neman abin da zai kare kunne ya yi tafiyar hawainiya. A 1993 aka gano wani sauyi a ƙwayar gado ta mitokondiriya da ke sa wasu mutane kurumcewa ko da allura kaɗan aka yi musu. Ta wajen uwa kaɗai ake gadonsa, shi ya sa tambayar ko wani a dangin mahaifiya ya taɓa rasa ji bayan allura take da muhimmanci. A Ingila yanzu akwai gwajin da ke gano wannan sauyi a jikin jariri cikin ƙasa da rabin sa'a kafin a ba shi jantamaisin. A 2006 Jochen Schacht na Jami'ar Michigan da abokan aikinsa a ƙasar Sin suka wallafa gwajin da suka yi kan majinyata 195 masu karɓar jantamaisin: cikin waɗanda aka haɗa wa da asfirin kashi 3 cikin ɗari ne suka sami raunin ji, a ɗaya rukunin kashi 13. Asfirin da yawa na iya sa zubar jini a ciki, don haka ba abin da mutum zai saya ya haɗa wa kansa ba ne. Amma ya nuna cewa kariyar mai yiwuwa ce. Maganin da ba shi da tsada kuwa ba kasafai kamfani ke zuba kuɗi a gwada shi ba. A kan dabbobi an nuna cewa wasu furotin masu raya jijiya na iya hana ƙwayoyin jijiyar kunne shanyewa bayan masu tsinkayen sun mutu. Wannan na da amfani domin na'urar ji da ake dasawa a cikin kunne da waɗannan jijiyoyi take magana, idan babu su ba ta da abin yi. A 2022 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da maganin farko na kare ji, amma ga yara masu shan sisfilatin ne, wani maganin ciwon daji, ba ga zuriyar sitireftomaisin ba.

Babban sauyin da aka samu bai zo daga ɗakin gwaji kaɗai ba. Majinyatan da suka kurumce ne suka tashi. Phumeza Tisile, 'yar Afirka ta Kudu, da Nandita Venkatesan, 'yar Indiya, duka allurar kanamaisin ce ta ɗauke musu ji suna 'yan mata. A 2018 Afirka ta Kudu ta maye gurbin allurar da ƙwayar bedakwilin, kuma a wannan shekarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta cire kanamaisin da kafiriyomaisin daga jerin da take ba da shawara. Matsalar da ta rage ita ce tsada. A 2019 matan biyu suka ƙalubalanci yunƙurin kamfanin Johnson & Johnson na tsawaita haƙƙin mallakar bedakwilin a Indiya, kuma a Maris na 2023 ofishin haƙƙin mallaka na ƙasar ya ƙi amincewa da buƙatar kamfanin. Jantamaisin kuwa yana nan, yana cikin magungunan da ake ceton jarirai da su idan cuta ta shiga jininsu, kuma a hannun wanda ya san awo da adadin kwanaki alherinsa ya fi sharrinsa nesa ba kusa ba. Haɗarin yana wajen mai shagon magani da ke zuƙo shi a sirinji don zazzaɓi ko ƙurji, ba awo, ba tambaya.

Saura halittar nan da Waksman ya sa wa sunan mahaifiyarsa. A 1949 shi da ɗalibinsa Hubert Lechevalier suka fitar da sabon magani daga Streptomyces fradiae, suka kira shi niyomaisin. An sa rai zai gaji sitireftomaisin, domin yana kama ƙwayoyin tarin fukan da suka bijire. Da aka yi wa majinyata allurarsa, sai ya zamana a duk gidan babu wanda ya kai shi cin katantanwar kunne, ga lalata ƙoda. Aka daina soka shi. Yau yana cikin man shafawa na ciwo da ƙuna, da maganin ɗigawa a ido da kunne, a kantunan magani daga Kano har Maraɗi. Takardar da ke cikin kwalin na ɗigawa a kunne tana gargaɗin kada a yi amfani da shi idan fatar dodon kunne ta huje, domin ta nan zai sami hanyar shiga ciki.